Sinadarin Dare da Hawan Jinin Masu Juna Biyu

Yau abubuwa biyu za mu ɗora a faifai ɗaya. Na farko kowa ya san shi, ko da bai san sunansa na asibiti ba. Ciwo ne da ke kama mai ciki, jininta ya hau, fuska ta kumbura, kai ya riƙa sara mata. In abin ya ta'azzara sai ta yanke jiki ta faɗi tana jijjiga. Wasu na ce masa taune-taune. Na biyu kuwa ba kowa ya taɓa jin labarinsa ba. Sinadari ne da jikin ɗan Adam ke fitarwa idan dare ya yi, sunansa melatonin. Masu bincike sun lura cewa matan da wannan ciwo ya kama, sinadarin yakan yi ƙasa a jininsu. Duk wanda ya ji haka, tambaya ɗaya ce za ta zo masa: to me zai hana mai ciki ta sayi ƙwayar melatonin ta riƙa sha? Ga matsayin wannan sharhi tun da wuri, don kada mu ja zance. Alaƙar gaskiya ce, tana nan. Amma alama ce aka gani. Ba a tabbatar ita ce sanadin ciwon ba, kuma ƙwayar ba ta kai matsayin magani ba tukuna. Ku riƙe wannan, domin za mu yi ta dawowa kansa.

Bari mu fara da ciwon. Likitoci na kiransa firi'iklamsiya, mu a nan za mu ce hawan jinin ciki. Yana bayyana ne bayan ciki ya wuce mako 20, wato ya haura rabi. Awon jini ya kai 140 bisa 90, ko ya zarce haka. Sau da yawa a ga furotin a fitsari, alamar ƙoda ta fara yoyo. Wani lokaci hanta ta taɓu, ko jini ya daina daskarewa yadda ya saba. A faɗin duniya, cikin masu ciki 100, tsakanin 2 zuwa 8 ne ke gamuwa da shi. Ya fi samun mai cikin fari, da mai ɗauke da tagwaye, da wadda ta taɓa yin sa a wani cikin, da mai ciwon suga ko ciwon ƙoda ko hawan jini tun kafin ta ɗauki ciki. Muguntarsa ita ce ba ya sallama. Mace na iya yin makonni jininta a sama, tana daka, tana girki, tana raha da maƙwabta, ba ta jin komai. Ranar da jijjiga ta zo, a wasu gidajen sai a ce iska ce ta buge ta, a ɗauko kasko a yi hayaƙi. Alhali jini ne ya yi wa ƙwaƙwalwa ƙarfi. Addu'a ba ta da na biyu, wannan babu musu. Amma a irin wannan rana, a yi ta ana kan hanyar asibiti.

To daga ina ciwon ke tasowa? Daga mabiyiya. Wannan tsokar da ke biyo bayan jariri, wadda ake wankewa a binne, ita ce tushen zancenmu na yau. A farkon ciki, mabiyiya tana kafa saiwa a jikin mahaifa. Tana bin ƙananan jijiyoyin jinin uwa, tana buɗe su, tana faɗaɗa su, kamar yadda mai noman rani ke yashe hanyar ruwa zuwa gonarsa. Idan wannan aiki bai kammala ba, jini sai ya riƙa zuwa mata a ƙuntace, yanzu ya zo, an jima ya ja baya. Mabiyiya ta galabaita. A cikin wannan galabaita wasu ƙananan sinadarai masu ɓarna ke taruwa, suna cin ta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Daga nan sai ta fara zubo wasu abubuwa cikin jinin uwa. Su kuma su bi jijiyoyinta daga kai har ƙafa, suna ƙuje musu bango. Jijiyoyi su tsuke, jini ya hau, ƙoda ta yi yoyo. Shi ya sa har yau maganin ƙarshe shi ne haihuwa, a raba uwa da mabiyiya. Ku ajiye kalmar nan ta tsatsa a kusa, za mu buƙace ta.

Yanzu kuma mu juya ga sinadarin. A shekarar 1958 ne wani likitan fata a Jami'ar Yale ta Amurka, mai suna Aaron Lerner, shi da abokan aikinsa, suka tace shi daga ƙwaƙwalwar shanu. A jikin mutum, wani ɗan ƙullutu ne ke fitar da shi a tsakiyar ƙwaƙwalwa, girmansa bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ido ne ke kai masa labari. Muddin akwai haske, yana nan shiru. Da duhu ya sauka sai ya kama aiki. Sinadarin ya riƙa ƙaruwa a jini, ya kai ƙololuwa tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare, lokacin da gari ya yi tsit, kafin kiran assalatu. Da gari ya waye kuma ya janye. Aikinsa na farko shi ne shela. Yana zagaya jiki yana sanar da kowace gaɓa cewa dare ya yi, a sassauta. A lokacin ne jinin mai lafiya ke ɗan sauka, zuciya ta huta. Amma yana da aiki na biyu, wanda shi ne ya ja hankalin likitocin mata. Melatonin yana cikin sinadaran da ke goge irin tsatsar nan da muka ambata. Kun ga inda hanyoyin biyu suka fara haɗuwa.

To, ga abin da bincike ya gano. A shekarar 2001, wasu likitoci a Japan suka auna melatonin a jinin mata masu ciki, dare da rana. Suka ga na dare yana fara hawa bayan mako 24, ya ƙara hawa sosai bayan mako 32. Kwana biyu da haihuwa kuwa sai ya koma yadda yake kafin ciki. Wannan saurin faɗuwa ya sa aka fara zargin cewa mabiyiya na da hannu a ciki. A wannan binciken ne kuma suka lura cewa matan da hawan jinin ciki ya yi wa tsanani, nasu melatonin ɗin bai kai na sauran ba. Bayan wasu shekaru, masu bincike a lardin Kwibek na Kanada suka tabbatar da zargin. A 2008 suka nuna cewa mabiyiya da kanta tana ƙera melatonin, ba ta dogara da na ƙwaƙwalwa kawai ba. A 2012 kuma suka gwada mabiyiyar matan da suka yi ciwon da ta waɗanda suka haihu lafiya. Ta masu ciwon ba ta ƙera sinadarin yadda ya kamata, kuma ƙofofin da ke karɓarsa sun ragu. A 2019 aka tattara bincike-binciken da aka yi a wurare daban-daban aka duba su tare, sakamakon ya fuskanci alƙibla ɗaya. Akwai kuma wani abin lura. Da yawa daga masu wannan ciwo, jininsu ba ya sauka da dare kamar na kowa, wani lokaci ma da daren yake fi hawa. Saboda haka duk wanda ya ce babu wata alaƙa, bai yi adalci ba. Ruwa ba ya tsami banza. Alaƙar tana nan. Abin tambaya shi ne, wace iri ce?

A nan ne nake so mu tsaya, mu yi tunani tare. Ku ɗauka an yi gobara a wani gida. Da wuta ta mutu, jama'a suka shiga, suka tarar randunan gidan duk babu ruwa. Aka je wani gidan da ya taɓa ƙonewa, nan ma aka tarar haka. Gida goma, labari ɗaya. Wani zai ce, ai kun gani, rashin ruwa a randa ne ke kawo gobara. Mai hankali zai ce a dakata. Ta yiwu tun farko randunan a bushe suke, shi ya sa tartsatsi ya zama gobara. Ta yiwu kuma cike suke, an kwashe ruwan ne wajen kashe wutar. Ta yiwu ma zafin wutar ne ya fasa su, ruwan ya tsiyaye. Wanda ya iso bayan wuta ta mutu, abu ɗaya zai gani a duk hali ukun, wato randa babu ruwa. Haka zancen melatonin yake. Mai yiwuwa ƙarancinsa ne ya bar mabiyiya babu kariya, tsatsa ta cinye ta. Mai yiwuwa jiki ne ya ƙarar da shi wajen yaƙi da tsatsar. Mai yiwuwa kuma mabiyiyar da ta riga ta lalace ce ta kasa ƙera shi, tunda ita ce masana'antar. Yawancin binciken da aka yi, an auna matan ne bayan ciwo ya riga ya bayyana. An iso ne bayan gobara. Irin wannan awo yana nuna cewa abu biyu na tafiya tare, amma ba ya faɗin wanne ya haifi wanne. Shi ya sa muka ce alama ce aka gani.

Akwai ma wani abu da ke ƙara sa a yi hattara. Binciken nan na Japan ya nuna cewa mai ɗauke da tagwaye ta fi mai ɗa ɗaya yawan melatonin a jini. Wannan ba abin mamaki ba ne, tunda mabiyiyarta ta fi girma. To amma kowace ungozoma ta san mai tagwaye ta fi shiga haɗarin hawan jinin ciki. Da a ce yawan sinadarin shi kaɗai ne garkuwa, da ita ce za ta fi kowa tsira. Ba haka abin yake ba. Sannan awon kansa yana da wuyar sha'ani. Sinadari ne da ke canzawa daga sa'a zuwa sa'a, kuma haske na korar sa. Ku dubi macen da aka kwantar a asibiti saboda jininta ya hau. Fitila na kunne a kanta har asuba. Ana tashin ta cikin dare a ɗaura mata abin awo. Ga fargaba, ga rashin barci. Wasu daga cikin magungunan hawan jini ma an san suna rage fitar melatonin. Idan aka auna wannan baiwar Allah aka ga nata ya yi ƙasa, nawa ne laifin ciwon, nawa ne laifin ɗakin da take kwance? Masu bincike na ƙoƙarin tace irin wannan, amma ba ya taɓa tacuwa tas.

Wani mai sauraro zai ce, to ko ma wanne ne ya haifi wanne, ai in randa ta bushe sai a zuba ruwa. In sinadari ya yi ƙasa, a cike giɓin mana. Magana ce mai ma'ana, kuma manyan likitoci sun taɓa yin irin wannan tunani. Ku saurari yadda ta kaya. Shekarun baya an lura cewa masu hawan jinin ciki na fama da tsatsar nan. An kuma san bitamin C da bitamin E na goge ta. A 1999 aka yi wani ƙaramin gwaji a Landan da mata 283. Sakamakon ya yi kyau ƙwarai, har ya nuna kamar bitamin ɗin sun rage ciwon da kusan rabi. Murna ta cika ko'ina. Ga magani mai arha, ga shi a kowane kemis. Sai aka ce a sake gwadawa da mata masu yawa. A 2006 aka fitar da sakamakon gwajin mata fiye da 2,400 a asibitocin Birtaniya. Bitamin ɗin ba su rage ciwon ba ko kaɗan. Abin da ya fi tayar da hankali, matan da suka sha sun fi haihuwar jarirai marasa nauyi. Aka sake yi a Ostireliya, aka sake yi a Amurka da mata kusan 10,000, ba a ga amfani ba. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar shan su don rigakafin wannan ciwo. Dabarar ta yi daidai a takarda, ta yi daidai a ɗakin gwaji, ta faɗi a jikin mata. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya ja da baya. Melatonin ya shigo ne da irin hujjar da bitamin C da E suka shigo da ita, wato goge tsatsa. Dole a yi masa irin tambayoyin da aka makara ba a yi musu ba.

Wani kuma, wanda ya ɗan bibiyi lamarin, zai ce ai an riga an gwada melatonin a jikin mata, kuma ya yi aiki. Gaskiya ne an gwada, kuma ya kamata mu ba wannan gwaji haƙƙinsa. A birnin Melbon na Ostireliya, likitocin Jami'ar Monash suka ba mata 20 ƙwayar melatonin. Dukansu ciwon ya kama su tun ciki bai tsufa ba. Kowace tana shan miligiram 10 sau uku a rana. Aka wallafa sakamakon a 2018. Cikinsu ya ƙara kimanin kwana 6 kafin a tilasta haihuwa, in aka kwatanta da matan da ba su sha ba. Buƙatar ƙara musu maganin hawan jini ta ragu. Ba a kuma ga wata illa ga uwa ko jariri ba. Kada kowa ya raina kwana 6. Ga ɗan bakwaini, kowace rana a cikin uwa riba ce. Kwana biyu kawai na ba allurar nunar da huhu damar yin aikinta. Wannan labari ne mai daɗi, ba mu ƙi shi ba. Amma mu duba yadda aka yi gwajin. Mata 20 ne kacal. Kowace ta san abin da take sha, likitanta ma ya sani, kuma likitan ne ke yanke ranar da za a cire ɗan. Ba a yi ƙuri'a an raba mata gida biyu ba, wasu su sha na gaske wasu su sha ƙwayar da babu komai a cikinta. An kwatanta su ne da bayanan matan da aka yi jinyarsu a baya. Su kansu masu binciken a matsayin matakin farko suka gabatar da shi. Ku tuna, gwajin Landan da ya ruɗi duniya ya ninka wannan yawan mata fiye da sau goma, kuma shi har ƙuri'ar an yi. Sannan waɗannan mata 20 suna ƙarƙashin kulawar likitoci ne, ana duba su a kai a kai. An ba su ne bayan ciwo ya kama su. Gwajin bai ce komai ba game da mace mai lafiya da ke son sha a gida don rigakafi. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma babban gwajin shi ne alƙali.

Ga wata hujjar da aka fi ji a bakin jama'a. Za a ce, ai abu ne da jiki ke yi da kansa, ina illar ƙara shi? Mu duba da kyau. Abin da jiki ke fitarwa a dare guda bai kai miligiram ɗaya ba. Abin da aka ba matan Melbon miligiram 30 ne a rana. Wannan ya wuce cike giɓi, ya zama magani mai ƙarfi. Kuma melatonin yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi cikin sauƙi. Ɗan tayi ba shi da agogon dare da rana na kansa. Da na uwarsa yake aiki, sai bayan haihuwa da kamar wata uku nasa ke daidaita. Idan uwa ta sha ƙwayar da hantsi, ɗan da ke cikinta zai samu saƙon dare da rana tsaka. Sinadarin yana kuma da hannu wajen murɗawar mahaifa, yana taimakon sinadarin naƙuda, abin da ake ganin yana cikin dalilan da naƙuda ta fi tashi da dare. Abin da ke taɓa agogon ɗan tayi, yake kuma taɓa naƙuda, ba abin saye a sha da ka ba ne. Sai kuma batun abin da ke cikin kwalbar. A Birtaniya sai da takardar likita ake samun sa. A Amurka kuwa a kan kanta ake sayar da shi kamar bitamin. A 2017 masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada suka sayi nau'i 31 daga kasuwa suka auna. Wani bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rubuta a jikinsa ba. Wani ya ninka fiye da sau biyar. A cikin kusan rubu'insu ma an sami wani sinadarin daban da ba a rubuta ba. In haka ta faru a Kanada, ina ga kwalbar da ta sha rana a kasuwa, ko wadda aka tallata ta WhatsApp?

Amma a ganina babbar illar ba a cikin ƙwayar take ba. Tana cikin kwanciyar hankalin da ƙwayar za ta kawo. Mace ta ce ai ina shan rigakafi, sai ta tsallake awo. Kai ya sara, ta ce gajiya ce. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da rubu'in matan da ke mutuwa a duniya sanadin ciki da haihuwa a cikinta suke, wato Najeriya, jinkirin kwana ɗaya na iya zama ajali. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

To mene ne ruwan tulun? Mene ne muke da shi a hannu, wanda ya riga ya ci jarrabawa? Akwai allurar maganiziyam salfet. A 2002 aka kammala wani gagarumin gwaji da mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33. Allurar ta rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Mun ga aikinta a gida. A 2008 aka shigar da ita asibitoci 10 na Jihar Kano, aka horar da likitoci da ungozomomi yadda ake ba da ita. Rahoton da Dakta Jamilu Tukur da abokan aikinsa suka wallafa ya nuna abin da ya biyo baya. A da, cikin mata biyar da ciwon ya yi wa tsanani, kusan ɗaya ke rasuwa. Bayan zuwan allurar, adadin ya sauko zuwa kusan 2 cikin 100. Wannan a Kano ne aka yi, a irin asibitocin da 'yan'uwanmu ke zuwa. Akwai kuma ƙaramin asfirin, da ma'aikatan lafiya ke rubuta wa matan da ke cikin haɗari tun ciki na ƙarami. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2017 ya nuna ya rage nau'in ciwon da ke tilasta haihuwa kafin lokaci da kusan kashi 60 cikin 100. Abin sha'awa, a wannan gwaji da dare aka ce matan su riƙa sha, lokacin kwanciya. Wato likitoci sun ɗauki zancen dare da rana da muhimmanci. Akwai ƙwayar kalsiyam ga matan da abincinsu ba ya wadatar da su da shi. Sama da duka akwai abin awon jini da ɗan tsinken gwajin fitsari. Su ne ke kama ɓarawon tun yana bakin zaure. Shi ya sa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8. Ko asfirin ɗin da muka yaba, kada a saya a sha da ka. Ma'aikacin lafiya ne zai ce wa ta dace da shi.

Akwai ƙorafi na ƙarshe, kuma shi ne ya fi nauyi. Wani zai ce, wannan sharhi na kashe gwiwa. Ai asfirin ma da hasashe ya fara. Haka ne, kuma a nan mun yarda da mai ƙorafin. Babu wanda ya ce a daina bincike. Hasali ma, in akwai inda ya kamata a yi fatan melatonin ya ci jarrabawa, to wurarenmu ne. Ƙwaya ce mai arha. Ba ta buƙatar firji, ba ta buƙatar allura. Inda na'urar renon bakwaini ta yi ƙaranci, maganin da zai riƙe ciki na mako guda zai ceci rayuka masu yawa. Saboda wannan fatan ne ma ya kamata mu matsa a yi gwajin gaskiya, mai mata dubbai, mai ƙuri'a, wanda zai bi yaran har su girma a ga lafiyarsu. Zai yi kyau a ce da matan Afirka a ciki, tunda a nan ciwon ya fi kisa. Asfirin ya shiga hannun ungozoma ne bayan ya bi ta wannan ƙofa. Bitamin C da E a bakinta suka tsaya. Melatonin yana kan layi. Kafin nan, akwai abin da mai ciki za ta iya yi ba tare da ta kashe ko kwabo ba. Ta kwanta da wuri. A kashe fitila, a kife waya, a bar jiki ya fitar da nasa sinadarin a lokacinsa. Ba mu ce wannan zai hana hawan jinin ciki ba, domin ba a tabbatar da haka ba. Barci ne mai kyau, kuma mai ciki na buƙatarsa. Mu sake faɗi, ƙarancin melatonin alama ce da ke nuna mabiyiya na cikin wahala. Ƙwayarsa ba ta zama magani ba tukuna.

Kafin mu yi sallama, ga 'yar magana gare ku. 'Yar'uwa mai juna biyu, idan kin je awo aka ɗaura miki abin auna jini, ki tambaya nawa ya nuna. Ki sa a rubuta miki a katinki. In an ce 140 bisa 90 ko fiye, kada ki tafi sai kin ji abin da za a yi. Idan kai ya matsa miki da ciwon da ba ya jin magani, ko idonki ya riƙa ganin dishi-dishi, ko kika ji ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko fuska da hannuwa suka kumbura farat ɗaya, ki tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Ki sani kuma ciwon na iya tasowa bayan haihuwa, cikin kwanakin jego. Iyayenmu mata da surukai, mai cikin fari kunya na hana ta faɗin abin da ke damunta, ku riƙa duba fuskarta kuna tambayarta. Maigida, ka ware kuɗin mota tun ciki na wata bakwai, ka kuma bar izini a gida cewa ko ba ka nan a wuce da ita. Duk wanda ya kawo muku kwalbar melatonin ya ce ta masu ciki ce, ku kai ta wurin awo ku nuna wa ma'aikaciyar jinya kafin a buɗe. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa.